Daga Ina Muka Fito? Salsalar Gidanmu Na Sabon Badun

Abin da ya tayar da wannan bincike shi ne takardar shaidar asali. Ɗana zai shiga jami'a, aka ce ya kawo ta ƙaramar hukumarsu. A nan Badun aka ce shi ɗan Arewa ne. Da muka je Kano kuma, mai unguwa ya tambaye mu, "Gidan wa?" Wallahi sai na yi tsuru-tsuru.

Da na dawo sai na nufi ɗakin gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage cikin manyanmu. Ta ce, "Ɗan nan, sai yau ka tuna?" Sannan ta ciro Alƙur'anin kakanmu daga gafaka. A bangon ƙarshe an jera sunayen maza huɗu da ajami, wane ɗan wane.

Mahaifina a Sabo aka yanke cibiyarsa, wannan ba gardama. Kakana kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo shi, bayan dogo ya isa Kano a 1911. Da farko a gidan wani Bayarabe ya sauka a cikin gari, sai da aka yanka wa Hausawa Sabo a 1916 ya samu fili. Goro yake saye a ƙauyuka, ya ɗaure huhu, ya aika Arewa.

Uban kakana ne ya fi ba ni mamaki. Bai taɓa taka ƙasar Yarbawa ba. Bafatake ne daga wajen Bebeji, mai bin ayarin jakuna zuwa Gwanja da kanwa da tufafi, ya komo da goro, tafiyar watanni. Yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga a 1892 ya karya shi, ya koma gona. Ashe goron ne ya canza hanya, mu muka biyo shi.

Na huɗun fa? Gwaggo ta yi ƙasa da murya ta ce Ba'agale ne. Agalawa dai asalinsu Buzaye ne daga wajen Asben, kuma da yawa cikin kakanninsu bayin Azbinawa ne. Shi ya sa wasu gidaje ke tsallake wannan suna. Ni ban ga abin ɓoyo ba, tunda Alhassan Ɗantata ma Ba'agale ne, a Bebejin aka haife shi.

Da waɗannan sunaye huɗu na koma Bebeji. Wani dattijo ya gane na uku, ya kai mu gidan da jikokin ƙanensa suke zaune har yanzu.