Yadda Gyaran Allunan Tsofaffin Injinan Wasan Bidiyo Ya Samo Asali

Allon da ke cikin tsofaffin injinan wasan bidiyo na jefa kwandala, irin su Pac-Man da Donkey Kong, talabijin ce kawai da aka tuɓe wa riga. Masu adana waɗannan injina a Amurka da Turai sun rabu biyu a kan gyaransa. Wasu na cewa da zarar allo ya zo hannu a zare duk kafasitocinsa a zuba sababbi, wasu kuma na cewa a bi da mita tukuna har a kama mai laifin. Asalin gardamar yana cikin tarihin allon kansa.

Kwalbar hoton da ke cikin allon ta fito daga hannun Bajamushe Karl Ferdinand Braun a 1897, ta kuma shafe shekaru tana hidimar talabijin kafin wasa ya same ta. A 1972 injiniyan Atari, Al Alcorn, ya sayi talabijin marar kala ƙirar Hitachi a kanti, ya cusa ta cikin akwatin katako, aka sami Pong. Space Invaders na 1978 ma allonsa baƙi da fari ne, launin da ake gani ledoji ne aka manna. Bayan Galaxian na 1979 ne allo mai kala ya zama ruwan dare, kamfanoni suka shiga ƙera shi musamman don wasa: Electrohome a Kanada da samfurinsa G07, Wells-Gardner a Chicago da K4600 da K4900, Hantarex a Italiya, sai Sanyo da ya ƙera 20EZ na injinan Nintendo.

Duk da haka tsarin cikinsu na talabijin ne, kuma nan matsalar ta faro. Talabijin ta gida takan yi 'yan awoyi da dare a kashe ta. Injin wasa kuwa tun safe yake kunne har a rufe shago, cikin akwatin da iska ba ta ratsa shi sosai. Kafasitar da ke tace wuta tana ɗauke da ruwan sinadari, zafi kuma yana busar da shi a hankali. Ƙa'idar masu ƙerawa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Wadda aka yi wa awo 2,000 a digiri 85, in tana aiki a digiri 55, za ta kai awo 16,000. A awo 12 kullum, ko shekara huɗu ba ta cika ba. Akwai masu ɗora laifin a kan algus, suna kawo misali da annobar gurɓatattun kafasitoci da ta addabi kwamfutoci daga 1999 zuwa 2007. Wannan bayani bai zauna ba, domin allunan sun girmi annobar da kusan shekara ashirin. Zafi da daɗewar aiki sun ishe su.

Daga nan al'adar sayar da kafasitocin kowane samfuri a ƙunshi ɗaya ta samu gindin zama. Mai injin da ke kwana ba ya tara kuɗi ba shi da haƙurin bincike, kuma sau da yawa maganin yana ci: hoton da ya naɗe daga sama ya miƙe, wanda ke rawa ya tsaya. Amma ƙunshin ba ya ta da allon da ya mutu murus, hannu marar ƙwarewa kuma yakan ɗaye layukan tagulla ko ya juya ƙafar kafasita, a zo gyaran gira a rasa ido.

Hanyar masu bi da mita kuwa, wadda aka gada daga masu gyaran talabijin, tana farawa da kunne da ido. Ana sauraron ƙarar tashin wuta, a leƙa wuyan kwalbar ko yana ja. In shiru ne, a duba fis, sannan babban layin wutar da ake kira B+, wanda a G07 bolt 120 ne. In fis ya ƙone, galibi taransistar da ke jan hoto daga hagu zuwa dama ce ta haɗe, ita kuma ba kasafai take mutuwa ita kaɗai ba. Sau da yawa taransifomar filaibak mai tura wa kwalba wuta ce ta ja ta, abin da G07 ya yi ƙaurin suna a kansa. Farin layi guda a kwance na nufin sashen da ke buɗe hoto sama da ƙasa ya tsaya. Launin da ke ɓacewa ya dawo in an ƙwanƙwasa akwati, dalma ce ta tsage. Allunan da ke zana hoto da layi, kamar WG6100 na wasan Tempest na 1981, nasu ciwon daban ne: taransistocin karkata hoto ne ke yawan ƙonewa.

Aikin ba na ganganci ba ne. Filaibak na tura wa kwalba mai inci 19 bolt kusan 20,000, kwalbar kuma tana riƙe caji bayan an kashe wuta, don haka sai an sauke shi kafin a cire robar da ke manne a bayanta. Yawancin allunan wancan zamani ba a jona su kai tsaye da wutar gida, sai ta taransifomar da ke raba su da ita.

Kwalbar kuwa ba ta da sabuwa. Sony ya daina ƙera Trinitron a 2008, kamfanin Hawkeye da ke sabunta kwalabe a jihar Iowa ya rufe a 2010, RACS na Faransa ya bi sahu a 2013. In hoton ya dushe, ko tambarin wasa ya ƙone a jikin gilashi, abin da ya rage shi ne na'urar farfaɗo da kwalba, wadda amfaninta na ɗan lokaci ne, ko a ciro wata daga tsohuwar talabijin da wuyanta da naɗin wayarta suka dace da allon.