Kara-Kara: Ciwon Fata Ya Warke, Saura Na Zuciya

Duk wanda ya taɓa zuwa Damagaram ya san Birni, ya san Zango. A Birni fadar Sarki take. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a shekara ta 1884, shi ne ya kewaye Birni da babbar ganuwa. A Zango kuwa fatake suke sauka da raƙumansu. Faransawa sun ci garin a 1899. Nan suka kafa hedkwatar mulkinsu, har 1926 da suka mai da ita Yamai. Wannan labari kowa yana ba da shi, yara ma suna karanta shi a lakwal.

Amma akwai wata unguwa da ba a cika sa ta cikin tarihi ba. Sunanta Kara-Kara. A gefen gari take. Can aka ajiye kutare da iyalinsu, da waɗansu da gari ya ƙi. Ganuwar Tanimun ta zube, sai ɗan abin da ya rage. Ganuwar da aka yi wa mutanen Kara-Kara kuwa ba ta ƙasa ba ce, shi ya sa ruwan sama bai ci ta ba.

Bari mu koma baya kaɗan. A manyan garuruwan Hausa na dā, kutare suna da sarkinsu, kamar yadda makafi suke da nasu. Sarkin Kutare shi ke raba musu gardama, shi ke magana da yawunsu. Suna fita bara, ana ba su sadaka. Har cikin iskokin bori akwai wanda ake kira Kuturu. Watau dai gari ya san da su, ya ba su wurin zama. Amma wurin na nesa ne. Ba a cin tuwo da su a ƙwarya ɗaya. Ba a ba su aure, ba a kuwa neman ƴaƴansu. Ana miƙa musu sadaka daga tsaye, a yi sauri a janye hannu.

Me ya kawo haka? Tsoro ne, da rashin sani. Waɗansu suka ce cutar gado ce. Waɗansu suka ce sammu ne. Waɗansu kuma suka ce cin kifi da nono ke kawo ta. Ni ma haka kakata ta gaya mini, har na yi gemu ban yarda na haɗa su ba.

A shekara ta 1873 wani likita na ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano gaskiyar al'amarin. Wata ƙwayar cuta ce, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Ba a gadonta. Takan bi numfashi, daga hanci da bakin wanda bai sha magani ba, sai kuwa an daɗe ana zaune tare. Cikin mutum 100, wajen 95 ko sun gamu da ita ba za ta kama su ba, gama jikinsu ya fi ƙarfinta. Ku duba fa! Cutar da aka fi gudu, ashe tana cikin masu wuyar kamu.

Yatsu kuma ba cutar ce take gutsure su kamar ɓera ba. Jijiyoyi take kashewa, sai hannu ya daina jin zafi. Mace ta ɗauki tukunya daga wuta, ta ƙone, ba ta sani ba. Namiji ya taka ƙaya a gona, bai ji ba. Miki ya ruɓe, a kwana a tashi yatsa ya tafi.

Magani ya zo sannu a hankali. Bayan 1940 aka fara aiki da wani mai suna dafson, amma sai mutum ya yi shekara da shekaru yana sha. A 1954 wani Bafaranshe, Raoul Follereau, ya kafa ranar tunawa da masu kuturta ta duniya, ana yin ta Lahadin ƙarshe ta watan Janairu. A ƙasarmu, tun kafin mulkin kai na 1960 aka buɗe asibitin kutare a Danja, kusa da Maraɗi. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa haɗa magani iri uku. Da su mutum yakan warke cikin wata 6 ko wata 12. Tun 1995 kyauta ake ba da su a duniya duka. Wanda ya fara sha ya daina ba wani cutar. Saboda haka in kun ga wani tabo a fata, launinsa ya kwashe, kun taɓa ba ya ji, ku tafi asibiti tun yatsu suna nan.

To, a nan ne labarin ya yi nauyi. Ƙwayar cuta ta mutu, amma sunan bai mutu ba. Mutum ya warke sarai, likita ya sallame shi, gari bai sallame shi ba. Ɗansa kuwa, wanda ko tabo bai taɓa yi ba, ana ce masa ɗan kuturu. Yaran Kara-Kara da yawa sun tashi ba takardar haihuwa, ba lakwal. Wanda ba shi da takarda, ina zai sami aiki? Wanda aka guje wa tun yana goye, ta yaya zai yarda shi mutum ne kamar kowa?

Wannan shi ne ciwon zuciya da nake nufi. Ba hauka ba ne, ba kuwa aljanu. Kunya ce da ake ɗura wa yaro kullum, har ta zauna masa a ƙirji. Wani takan fito masa da shiru, ya daina shiga mutane, barci ya ƙaurace masa. Wani kuwa takan fito masa da fushi.

Dattawa za su tuna da samariya ta zamanin Shugaba Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a 1974. Tana da nata laifi, amma ta tara samari wuri ɗaya, da aikin gayya da wasa. Da ta mutu, samari suka koma fada, watau majalisar shan shayi a bakin titi. Daga baya a Damagaram aka riƙa jin wani sabon suna, pale. Ƙungiyoyi ne na samari majiya ƙarfi. Suna ɗaga ƙarfe domin gina jiki, suna faɗa da juna da adda da wuƙa. Gari ya shiga tsoronsu. Ba Kara-Kara kaɗai ke da pale ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Amma da zarar an yi ɓarna, sunanta ake fara kira. Dā ana gudun iyaye saboda hannuwansu. Yanzu ana gudun ƴaƴa saboda nasu hannuwan.

Ba na wanke kowa. Wanda ya sari mutum ya yi laifi, wanda aka sara kuwa yana da hakki. Amma kaso shi kaɗai bai taɓa warkar da irin wannan ciwo ba. Yaron da aka kora tun yana ƙarami, in an kulle shi, an sake korarsa ke nan.

A shekara ta 2021 wata ƴar Damagaram mai shirya fim, Aisha Macky, ta fito da wani fim mai suna Zinder. Ta shiga Kara-Kara, ta zauna, ta saurara. A cikin fim ɗin an ga masu shigo da fetur daga Nijeriya ta ɓarauniyar hanya. An ga mata masu tabon wuƙa a jiki. An ga wani tsohon shugaban pale da ya ajiye makami ya kama sana'a, yana faɗin munanan abubuwan da ya aikata, nadama tana cin sa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda gari ya saba yin magana a kansu, ga su suna magana da bakinsu. A ganina faɗin nan ma rabin jinya ne. Miki ba ya warkewa sai an buɗe an wanke.

Likitocin hankali sun daɗe da gane haka. A 1954, a Aro kusa da Abekuta ta Nijeriya, Likita Adeoye Lambo ya gwada wata dabara. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai ya sa suka sauka a ƙauyukan da ke kusa da asibiti. Kowane da ɗan'uwansa guda mai kula da shi. Da rana su zo a duba su, da yamma su koma cikin mutane, su ci abinci tare, su je kasuwa. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Aka ga amfanin abin, labarinsa ya zaga duniya. Magani yana da nasa aiki, amma Lambo ya nuna zama cikin jama'a shi ma magani ne. Mu kuwa a Damagaram akasin haka muka yi wa maƙwabtanmu.

Na ce mu, domin ni ma ina ciki. Shekarar da na fara koyar da manya, wani dattijo ya zo ajinmu. Hannunsa na dama yatsa biyu suka rage, kullum yana cikin aljihu. Can baya yake zama, shi kaɗai a tabarma. Akwai randa a bakin ƙofa da moɗa ɗaya. Na lura ba ya taɓa sha, ko ana zafin bazara. Ni kuwa da na yi makarantar horon malamai, na san ba ya ɗauke da kome, amma na yi wata guda ban ce uffan ba. Allonsa ma daga nesa nake dubawa.

Wata rana na kira shi ya rubuta harafi a babban allo. Ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, bar ni. In na riƙe allin, wa zai riƙe bayana?"

Aji ya yi tsit. Kunya ta rufe ni. Na je na ɗebo ruwa a moɗa, na ce, "Baba, sha tukuna." Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya sha. Na karɓa na shanye sauran. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi, ko da yake na san gaskiya. Mutum biyu sun daina zuwa aji daga ranar, ɗaya ya komo bayan girbi, ɗaya bai komo ba.

Dattijon bai tashi ba a ranar. Sai bayan kwana tara ya zo gaban allo da kansa. Ya maƙale alli tsakanin yatsun nan biyu, ya rubuta harafin farko na sunansa. Ya karkace, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya miƙa allin ga na kusa da shi, wani saurayi mai sayar da itace. Saurayin ya dubi allin, ya dube ni, ya sa hannu ya karɓa.