Inuwar giginya: tarihin gudun zafi zuwa kan duwatsu

Kowace shekara, da zarar watan Yuni ya kama, jaridun Turai da na Asiya sukan cika da shawarwari game da inda ya kamata mutum ya tafi hutu don ya tsere wa zafi. Akan jera sunayen garuruwa, a gwada sanyin wannan da na wancan, kamar dai zaɓen wurin hutu magana ce ta ra'ayi da nauyin aljihu kawai. Alhali kuwa da yawa daga cikin garuruwan da ake ambatawa a Asiya da Afirka suna da tarihi mai nauyi. Masu mulki ne suka zaɓe su, wasu mutane daban kuma suka gina su da guminsu. Wanda ya bi wannan tarihi zai gane yadda ake samun sanyi a tsakiyar zafi, zai kuma gane wanda ya saba biyan kuɗinsa.

Asirin abin yana ga tsayin ƙasa. Iska in ta hau sama, nauyin da ke danne ta yakan ragu, sai ta buɗe ta huce. Masana sun auna cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan garin da ke bisa mita 2,000 yana iya fin na gindin dutse sanyi da digiri 13, ko da tsakaninsu bai wuce tafiyar yini ɗaya ba. Mutanen dauri sun san haka tun ba su da ma'aunin zafi. Sarakunan Farisa na zamanin da sukan yi watannin zafi a Ekbatana, inda birnin Hamadan yake a yau. Attajiran Ƙuraishawa suna da gonakin inabi a Ɗa'ifa, garin da ke bisa mita 1,800 da ɗoriya, can suke fakewa in zafin Makka ya tsananta, kuma a Ɗa'ifa ne Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya rasu a 1953. A Indiya, Sarki Jahangir ya gina lambun Shalimar a Kashmir a 1619, a kan hanyarsa ta dawowa daga can kuma ajali ya cim masa a 1627. Duka waɗannan sarakuna ne da masu dukiya. Talaka yana ƙasa, yana jiran faɗuwar rana.

Simla, fadar da ke hawa dutse

Turawan Ingila ne suka mai da wannan al'ada ta sarakuna ta zama tsarin gwamnati, kuma babu inda abin ya fito fili kamar Simla, a duwatsun Himalaya na arewacin Indiya. Yankin ya shiga hannunsu bayan yaƙinsu da Nepal na 1814 zuwa 1816. A lokacin ƙaramin ƙauye ne cikin kurmi, bisa kimanin mita 2,200. A 1822 wani hafsan soja, Charles Kennedy, ya gina gidan farko mai ƙwari, a 1827 kuma babban gwamna Amherst ya zo ya sauka a cikinsa. Daga nan sai manyan ma'aikata da matansu suka yi ta kwarara, kowa yana neman fili.

Abin da ya kora su sama ya wuce neman jin daɗi. Mutuwa ce suke gudu. Masassara da kwalara da atuni suna ɗibar sojojinsu a filayen ƙasar, likitocin zamanin kuma sun ɗauka cewa cuta tana fitowa ne daga gurɓatacciyar iskar fadamu, da zafin da ke raunana jikin Bature. Maganin da suka gani shi ne a hau inda iska take da sanyi. Dabarar ta yi musu amfani ko da yake sun kuskure dalili, don sauro ba ya yawa a irin wannan tsayi.

A 1864 babban gwamna John Lawrence ya tabbatar da Simla a matsayin fadar gwamnati ta lokacin zafi. Hujjarsa ita ce an fi yin aiki cikin sanyi, ga shi kuma garin yana kusa da Panjab da iyakar arewa maso yamma, inda hankalinsu ya fi karkata bayan boren 1857. Tun daga nan, fiye da shekara 70, kowane watan Afrilu gwamnati takan naɗe kayanta ta hau dutse, ba ta saukowa sai wajen Oktoba. Kafin a yanke shawarar mai da babban birni Delhi a 1911, daga Kalkata ake tasowa, tafiyar da ta haura kilomita 1,700. Ana tafiya da magatakarda da masu dafa abinci da akwatunan takardu. Jirgin ƙasa yakan kai su filin ƙasa, daga nan sai amalanken shanu da dawaki da kawunan ƴan dako. A 1888 aka gama ginin fadar babban gwamna a zamanin Dufferin. A 1903 aka buɗe layin dogo daga Kalka zuwa Simla, kilomita 96, da ramuka fiye da 100 da aka huda cikin dutse da gadoji fiye da 800.

Hausawa kan ce inuwar giginya na nesa ka sha. Mutanen duwatsun nan su ne suka fasa hanyoyi, su ne kuma suke ɗaukar kayan matafiya ƙarƙashin wani tsarin aikin tilas da ake kira begar, wanda ke raba manomi da gonarsa a lokacin da ta fi bukatarsa. A babban titin garin, manyan masu mulki uku kaɗai aka yarda su shiga da karusa ko mota: babban gwamna, da shugaban sojoji, da gwamnan Panjab. Sauran Turawa sai a ɗauke su cikin amalanken zama wanda ƙarti huɗu ke ja da turawa a kan hawa. Indiyawan da ke yi musu hidima suna cunkushe a kasuwar da ke gangaren dutse. Tun a shekarun 1880 jaridun Kalkata suke kukan cewa da harajin talaka ake wannan ƙaura, kuma gwamnatin da ta yi rabin shekara cikin gajimare ba ta jin kukan mai yunwa a ƙasa. Duk da haka a Simla aka yi ta yanke manyan al'amura. A nan aka yi taron 1945 kan makomar Indiya, a nan kuma Indira Gandhi da Zulfikar Ali Bhutto suka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a 1972.

Yadda abin ya iso Afirka

Sauran masu mulkin mallaka sun ga abin da Ingila ta yi, suka kwaikwaya. Faransawa sun gina Dalat a Biyetnam bisa mita 1,500, a tudun da likita Alexandre Yersin ya isa a 1893, sun kuma kafa Ifran a duwatsun Maroko a 1929. A Afirka ta Yamma sun zaɓi Dalaba a Futa Jalo ta ƙasar Gini, bisa kimanin mita 1,200, inda a shekarun 1930 ake kai ma'aikatansu su murmure. A Kamaru, gwamnan Jamus Jesko von Puttkamer ya ɗauke fadarsa daga Duwala a 1901 ya kai ta Buweya, a jikin Dutsen Kamaru. Ƙasar Bakweri ce, kuma sai da aka yaƙe su a 1891 da 1894 kafin a sami wannan sanyi. A Najeriya, tudun Jos ya zama wurin hutun ma'aikatan Ingila, kusa da ramukan kuza.

Labarin Saliyo ya fi saura bayyana abin da ke ƙarƙashin al'amarin. A 1880 Alphonse Laveran ya gano ƙwayar masassara cikin jinin majinyata a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ita. Da wannan ilimi ana iya cewa a gyara magudanan ruwa a kare kowa da kowa. Abin da aka yi a Firitawun bayan ziyarar Ross ta 1899 shi ne, aka gina wa Turawa unguwa ta daban a kan tudu tun daga 1902, aka ja mata ɗan layin dogo a 1904 don ya riƙa kai su aiki yana mai da su. Hujjar ita ce a nisanta su da ƴaƴan ƴan ƙasa, waɗanda aka ce a jininsu cutar take zaune. Sanyi ya zama katanga tsakanin mai mulki da wanda ake mulka.

Nijar ba ta sami irin wannan gari ba. Dutsen Bagazam na Abzin ya kai mita 2,022, amma yana nesa da fadar mulki, wadda ta tashi daga Damagaram ta koma Yamai a 1926. Ma'aikacin Faransa da ke nan hutunsa yake jira ya koma gida, da yawansu kuma sukan zarce garin Vichy su sha ruwan maɓuɓɓuga don gyaran hanta.

Abin da ya rage a yau

Bayan samun ƴancin kai, garuruwan nan sun buɗe ƙofa ga ƴan ƙasa. Simla, wadda yanzu ake rubuta ta Shimla, ita ce babban birnin jihar Himachal Pradesh. Fadar babban gwamna ta zama cibiyar binciken ilimi tun 1965, layin dogon kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2008. Iyalai daga Delhi sukan hau da motocinsu a watannin Mayu da Yuni, lokacin da zafi a can ƙasa yake haura digiri 40. Wannan ci gaba ne, sai dai dutse yana da iyakar abin da yake ɗauka. Garin da aka tsara wa mutane kaɗan ya kai kusan mutum 170,000 a ƙidayar 2011, ban da baƙi. A watan Mayu na 2018 famfuna suka ƙafe kwana da kwanaki, har mazauna garin suka riƙa roƙon masu yawon buɗe ido su dakata da zuwa. A watan Agusta na 2023 ruwan sama mai yawa ya zaftare gangaren da aka cika da gine-gine, rayuka suka salwanta. Mai zaɓen wurin hutu a yau ya kamata ya tambayi tsayin gari da lokacin damanarsa, ya kuma tambaya ko ruwan da zai yi wanka da shi daga bakin wani aka ɗauke shi.

Akwai wani gado na duwatsun nan da ya shafi malaman makaranta. Makarantun da aka kafa a can, irin su Bishop Cotton ta 1859, sun tsara shekarar karatu bisa yanayin wurin: ana karatu a watannin da ƙasa take da daɗi, a yi babban hutu cikin tsananin sanyi. Har yanzu a jihar Himachal Pradesh akwai makarantun da ke rufewa da sanyi, akwai masu rufewa da zafi, gwargwadon tsayin garin da suke.

A nan gida kuwa, zafinmu ba ya faɗowa daidai da na Turai. Bazararmu tana cikin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yakan kai digiri 40 ko ya wuce a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Babban hutun da muka gada daga tsarin Faransa yana zuwa ne daga Yuli zuwa Satumba, bayan ruwa ya sauka ƙasa ta huce. Ya dace da aikin gona, wannan kuma alheri ne da bai kamata a raina ba. Amma sakamakonsa shi ne yara suna shirin jarrabawa a watanni mafi tsanani, ƙarƙashin rufin kwano ko cikin rumfar zana. Zafin kuma ƙaruwa yake yi: a farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Ɗan makarantar Tasawa ko na Madawa ba shi da dutsen da zai hau, iyayensa ma in sun yi tafiya da rani, cin rani suka tafi. Sanyin da zai samu sai wanda aka samar masa a inda yake. Kakanninmu sun san kaurin katangar laka da tsayin soro, sun san darajar gawo, itacen da ke fid da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Magina na zamani sun koma ga wannan sani: Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001 da tubalin ƙasa da rufin da aka ɗaga sama don iska ta ratsa, a Dandaji ta jihar Tawa kuma Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu da tubalin ƙasa a 2018. Dasa itatuwa a filin makaranta, da gyara rufin aji, da matso da awoyin karatu zuwa sanyin safiya a watan Afrilu da Mayu, duka abubuwa ne da ƙungiyoyin malamai da na iyayen yara suke da bakin magana a kansu. John Lawrence ya kafa hujja da cewa mutum ya fi aiki cikin sanyi, ya kwashe gwamnati sukutum ya kai ta kan dutse. Hujjar nan ba ta tsufa ba, kuma yaron da ke zaune a aji da azahar ɗin Afrilu yana da haƙƙi a cikinta.