'Yan tsanan Faransa da Jamus na ƙarni na 19: yadda aka ƙera su da tufafinsu

'Yar tsanar da masu tara kayan tarihi suka fi nema a yau ita ce mai kan tangaran, wadda aka yi ta ƙerawa a Faransa da Jamus daga wajajen 1860 zuwa farkon ƙarni na 20.

Kanta na tangaran ne da ba a shafa masa ruwan sheƙi ba, shi ya sa yake kama da fatar mutum. A gasa shi a wuta, a zana gira da leɓe da hannu, sannan a sake gasawa don launin ya zauna. Idanun na gilashi ne, ta cikin kai ake manna su. Gashin kuwa na akuyar Angora ne ko na mutum.

Jikin iri biyu ne. Masu siffar babbar mace, da fatar ɗan akuya ake ɗinka su, a cusa garin katako. Masu siffar yara, waɗanda Faransawa ke kira bebe, da katako da cakuɗen takarda da gam ake yin su, a ɗaure gaɓoɓin da roba ta ciki don hannu da ƙafa su motsa.

A Faransa gidan Jumeau ne ya yi fice, masana'antarsa na Montreuil, kusa da Paris. A Jamus akwai Kestner da Armand Marseille a yankin Thuringia. Na Jamus sun fi araha, suka kwashe kasuwa, har dole ta sa kamfanonin Faransa suka haɗe wuri guda a 1899 da sunan SFBJ.

Tufafin ba na wasa ba ne. Teloli ne ke ɗinka su da siliki, karan-miski da leshi, daidai da yayin Paris na lokacin, har da 'yar ciki, safa, hula da takalmin fata.

Wanda ya ci karo da irinta a kayan gwanjo, ya ɗaga gashin ya duba ƙeya, nan ake buga suna ko lambar maƙeri. Kada ya wanke rigar, kada ya sake mata fenti. Tsohuwar riga ta asali, ko ta koɗe, ta fi sabuwa daraja a wurin masu saye.