Katako Uku, Kusurwa Ɗaya

Duk kafintan da ya taɓa haɗa tebur ya san inda rigimar take: can saman ƙafa, inda katako uku suke karo. Ƙafa ta taso daga ƙasa, sanda ta zo ta nan, wata ta zo ta can, kowacce tana neman mazauni a ɗan dunƙulen da bai wuce faɗin yatsu uku ba. Ka ba wannan harshe mai kauri, ka tauye wancan. Ka fafe rami biyu a kan ƙafar, su tarar da juna a ciki, ka bar ta fanko. Yawancinmu kauce wa rigimar muke yi: mu sauke sanda ɗaya ƙasa kaɗan, ko mu kira ƙusa da gam su raba gardama.

Kafintocin Sin na zamanin daular Ming, 1368 zuwa 1644, ba su kauce ba. Sun yanke bakin kowane katako a karkace, digiri 45, ta fuska biyu, har ya zama in ka tsaya a kusurwar layi uku kawai za ka gani, sun taru a ɗigo guda. Aikin yana ciki. Ƙafar tana ɗauke da harsuna biyu, dogo da gajere, an gajarta ɗayan ne don ya ba harshen sanda hanya. Gustav Ecke ya buga littafi a Beijin a 1944 da zanen irin wannan haɗi dalla-dalla, daga baya Wang Shixiang ya faɗaɗa binciken. Har yau daga zanen nan da yawanmu muke farawa.

Da injin yanka mai bin umarnin kwamfuta ya iso shagon kafinta, mun ɗauka ƙarshen wahala ya zo. An nuna kakansa a jami'ar MIT ta Amurka tun 1952, amma na ƙarfe ne. Sai da irin su ShopBot suka fito a 1996 ƙaramin shago ya iya saye. Nan da nan muka gano halinsa guda biyu. Na farko, bakinsa zagayayye ne, juyawa yake yi, don haka ba ya iya fitar da lungu mai kaifi. Baki mai milimita 6 zai bar maka lanƙwasa ta milimita 3 a kowane lungun rami, harshe mai kusurwa huɗu kuwa ya ƙi shiga. Na biyu, injin da yawancinmu ke da shi daga sama kaɗai yake sara. Abin da cizal ke shiga ta gefe ya sassaƙe a ɓoye, shi ba ya kai wa gare shi. Haɗin Ming kuwa kusan duk sirrinsa a irin waɗannan wurare yake.

Maganin farko na matsalar lungu shi ne a bar bakin injin ya ɗan zarce cikin kowane lungu, ya ci abin da ya tokare. Ramin sai ya fito da kunnuwa, muna ce masa ƙashin kare. Yana aiki, amma ban taɓa ƙaunarsa ba: yana barin huji a fili, yana kuma cin katako a daidai inda ake tsananin bukatarsa. A filawud ana iya haƙuri da shi. A kusurwar da katako uku ke rabon wuri, asara ce.

Jochen Gros, malami a makarantar zane ta Offenbach a Jamus, shi ya sauya mana tambayar a shekarun 1990. Shi da Friedrich Sulzer sun fitar da haɗi 50, da yawansu daga na Japan aka samo su, amma an sake tsara su yadda injin zai yanke ba tare da hannu ya gyara ba. Maimakon a tilasta wa inji kwaikwayon cizal, sai aka fara tsara haɗin bisa abin da injin ya iya.

A 2020 Maria Larsson da abokan aikinta a Jami'ar Tokyo suka kai wannan tunani nesa da manhajar Tsugite. Sun ɗauki dunƙulen kusurwar suka raba shi gida-gida, uku sau uku sau uku, gida 27. Kai mai zane ka ce wannan gida na ƙafa ne, wancan na sanda. Hanyoyin raba gida 27 tsakanin katako uku sun haura tiriliyan 7, kuma galibinsu shirme ne. Don haka manhajar tana binka tana dubawa: wannan gutsure yana manne da jikin katakonsa ko yana reto? Katakon zai zare, ta wace fuska? Akwai gidan da ya tsaya a kan gajeriyar jijiyar katako, wanda zai ɓalle? Batun lungu kuma, maimakon ƙashin kare, sai ta lanƙwasa kafaɗun harshen su dace da lanƙwasar ramin. A ganina wannan ita ce amsar da ta dace tun farko.

Inda har yanzu muke da rauni shi ne gwaji. Mutum ya yanka haɗi, ya shiga tsaf, ya ɗauki hoto, shi ke nan. Shiga tsaf mataki ne na farko kawai, kuma shi ma sai an nema: ana yanka samfuri a guntayen katako, ana ƙara sarari da kashi ɗaya cikin goma na milimita, har a sami wanda zai shiga da bugun tafin hannu, ba da guduma ba. Sannan a bar shi ya ga sauyin yanayi, domin katako yana kumbura ta faɗi, ba ta tsawo ba, kamar yadda ƙofa ke cijewa da damina ta saki da hunturu, kuma a wannan kusurwa jijiyoyi uku ne kowacce ta fuskanci gabanta. Daga nan a ɗaure ƙafar, a rataya wa bakin sanda nauyi, a riƙa ƙarawa har ya karye, a tsaga a duba. Ba kasafai harshen ke karyewa ba. Ɗan siririn katakon da ya rage tsakanin ramuka biyu shi ke tsagewa, ya bi jijiya, kuma kaurinsa ne ya kamata a fara aunawa kafin a kunna inji.