Ranar da Gwamnatin Indiya ta Rufe Bakin Kishore Kumar

Wani mai karatu daga Fagge ya aiko mana da tambaya. Ya ce gardama ta kaure a majalisarsu kan ko da gaske ne an taɓa hana sa waƙoƙin Kishore Kumar a gidan rediyon Indiya, in kuma haka ne, me ya yi wa hukuma. Amsar ita ce e, an hana. Sai dai labarin da ya fi yawo a bakin masoyansa ya sha bamban da abin da takardun bincike suka nuna, kuma a wannan bambancin ne darasin yake.

Duk wanda ya taɓa bin layin tikiti a Plaza ko Eldorado ko Marhaba a Kano a shekarun 1970 da 1980 ya sha jin muryar mutumin nan, ko da bai san sunansa ba. Idan Amitabh Bachchan ya buɗe baki zai rera waƙa a Don ko Muqaddar Ka Sikandar na 1978, sau da yawa Kishore ne ke yi, jarumi yana motsa leɓe. Tsarin da muka saba da shi yau a finafinan Hausa ke nan, mawaƙi a situdiyo, jarumi a gaban kyamara.

An haife shi ranar 4 ga Agusta 1929 a garin Khandwa da ke jihar Madhya Pradesh ta yanzu, aka raɗa masa suna Abhas Kumar Ganguly. Mahaifinsa lauya ne, yayansa Ashok Kumar kuwa ya zama babban jarumi a kamfanin Bombay Talkies tun Kishore yana yaro. Waƙa yaron yake so, ko da yake bai taɓa zama gaban malamin kiɗa ba, abin da ake ganin wajibi ne ga mawaƙin Indiya na lokacin. Da kwaikwayon muryar K. L. Saigal ya fara, har sai da makaɗi S. D. Burman ya shawarce shi ya nemi tasa. Ya rera waƙarsa ta farko a fim ɗin Ziddi na 1948, amma masu shirya finafinai fuskarsa suka fi so, suka mai da shi jarumin barkwanci mai waƙa da rawa. A Chalti Ka Naam Gaadi na 1958 ya fito tare da 'yan'uwansa biyu da jaruma Madhubala, wadda ya aura a 1960. Ciwon zuciya ya kwantar da ita shekaru, ta rasu a Fabrairun 1969 tana da shekara 36. A wannan shekarar ce aka fitar da Aradhana, inda ya ara wa Rajesh Khanna murya, daga nan kasuwar waƙar maza ta karkata gare shi daga wajen Mohammed Rafi.

Kafin a fahimci rigimar 1976, sai an san halinsa. Kishore mutum ne mai wuyar sha'ani a kan haƙƙinsa. Masu shirya fim sun san ba ya buɗe baki sai kuɗi sun shiga hannu, har ana ba da labarin ranar da ya zo wajen ɗaukar fim da kwalliya a rabin fuska saboda rabin kuɗi aka ba shi. Amma shi ne kuma ya rera wa darakta Satyajit Ray waƙa a fim ɗin Charulata na 1964 bai karɓi ko anini ba. In an roƙe shi da mutunci yakan yi kyauta. Umarni ne ba ya so.

Ranar 25 ga Yuni 1975, kwanaki kaɗan bayan babbar kotun Allahabad ta soke zaɓenta, Firaminista Indira Gandhi ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka kama jagororin adawa irin su Jayaprakash Narayan da Morarji Desai, jaridu suka koma ba sa buga komai sai an tace. Gwamnati ta fito da shirin nan mai manufofi 20, ɗanta Sanjay Gandhi kuma ya zama wuƙa da nama ba tare da yana riƙe da wani muƙami ba. Ma'aikatar watsa labarai, ƙarƙashin minista V. C. Shukla, ta shiga neman taurarin Bombay su fito a rediyo da talabijin su tallata shirin. Waɗanda abincinsu ke hannun hukumar tace finafinai, ina za su sami bakin cewa a'a? Yawancinsu sun amsa kira.

Da aka zo kan Kishore, wani babban jami'in ma'aikatar ya buga masa waya yana neman su gana. Ya ce ba shi da lafiya, ba zai ga kowa ba, kuma ba ya sha'awar yi wa rediyo ko talabijin waƙa. Jami'in ya kai rahoto cewa an raina shi. Ranar 4 ga Mayu 1976 umarni ya fito: kada a ƙara sa muryarsa a All India Radio da Doordarshan, aka kuma nemi kamfanonin faifai su dakatar da sayar da nasa. A tuna, a Indiyar lokacin babu gidan rediyo ko talabijin sai na gwamnati. An ɗauke muryar da ta fi kowacce kasuwa a ƙasar daga kunnen jama'a saboda kiran waya guda.

A nan ruwayoyi suka rabu. Wadda ta fi shahara tana cewa ya ƙi yin waƙa ne a gangamin jam'iyyar Congress mai mulki, ya kuma kafe har aka ɗage dokar ta-ɓaci a Maris 1977. Ɗayar kuwa ta fito ne daga kwamitin bincike na Mai Shari'a J. C. Shah, tsohon alƙalin alƙalan Indiya, wanda gwamnatin Morarji Desai ta kafa a 1977 don tono ɓarnar da aka yi. Abin da aka gabatar a gabansa ya nuna Kishore ya rubuta wa ma'aikatar takarda a tsakiyar Yunin 1976 cewa zai ba da haɗin kai, aka janye takunkumin nan take. Wato abin bai wuce mako shida ba.

Ni dai ta biyun na fi amincewa da ita. Tana da takarda da kwanan wata, an kuma yi wa jami'an da abin ya shafa tambayoyi a bainar jama'a. Ta farkon ƙauna ce ta gina ta, masoyi kuwa ba ya son jin cewa gwaninsa ya taɓa rusunawa. Amma rusunawar ba ta rage masa komai a idona ba. Mutum ne mai iyali, makaɗa da masu shirya finafinai da dama abincinsu na rataye da muryarsa, hukumar haraji ma ta daɗe tana binsa. Gwamnatin da yake ja da ita ce ta hana nuna fim ɗin Aandhi, a zamaninta kuma aka ƙone faifan fim ɗin Kissa Kursi Ka ƙurmus. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a ranar da ya ce a'a, shi kaɗai ne a tsaye. Abin kunyar na kan waɗanda suka mai da gidan rediyon al'umma bulala, kuma kwamitin Shah a kan minista ya ɗora alhakin.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Jam'iyyar Indira ta sha kaye a zaɓen 1977. Kishore ya ci gaba da mamaye fagen har ya tara kyautar Filmfare ta gwarzon mawaƙi sau 8, adadin da babu namijin da ya kai a zamaninsa. Ya yi aure sau huɗu, ya bar 'ya'ya maza biyu, Amit da Sumit. Ya sha faɗin cewa zai bar Bombay ya koma Khandwa ya huta, amma bai samu ba. Zuciyarsa ta buga ranar 13 ga Oktoba 1987, ranar zagayowar haihuwar yayansa Ashok, yana da shekara 58, aka kai gawarsa Khandwa.

To, mai tambaya, ka koma majalisa ka ce musu an hana shi, kuma hanin bai daɗe ba. Ka ƙara musu da cewa duk inda mai mulki ya ga mawaƙi bai da zaɓi sai yabonsa, to ba mawaƙin kaɗai aka zalunta ba, har da masu saurare.