Tarihin Binciken Cutar Makyarkyata, daga Landan zuwa Idi-Araba

Cutar makyarkyata, wadda malaman ɗibbu ke kira da sunan James Parkinson, likitan Landan da ya fara siffanta ta a 1817, illa ce da ke cinye wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har hannu ya riƙa rawa, tafiya ta yi nauyi, dattijo ya kasa kai kofin shayi bakinsa ba tare da ya zube ba. A 1912 Friedrich Lewy ya ga wasu dunƙule-dunƙule cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ita, amma ba a san haƙiƙaninsu ba sai 1997, lokacin da aka tabbatar cewa furotin ne mai suna alfa-sinuklin yake taruwa ya daskare.

Daga nan hankalin masana ya koma kan ƙwayoyin gado, domin kowane furotin yana da nassinsa a cikinsu, kuma ba a aiki da nassin nan sai an kwafe shi, an tsame abin da ba na matani ba, kamar yadda mai kwafar littafi ke barin hashiya ya ɗauki asali. In kuwa aka yi kuskure wajen tsamewar, saƙon ya ɓaci ko da nassin lafiya lau yake. Sai dai galibin binciken a kan Turawa aka yi shi, wanda a ganina naƙasu ne babba.

A Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama cikinta a Legas, nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yake, kuma daga nan Farfesa Njideka Okubadejo ta jagoranci likitocin sassan Nijeriya wajen tattara jinin majinyata, tare da abokan aiki na Ingila da Amurka. A 2023 suka bayyana a mujallar Lancet Neurology cewa sun gano wani sauyi cikin ƙwayar gadon GBA1, wanda ya yawaita ga 'yan asalin Afirka ta Yamma, alhali da ƙyar ake samunsa ga Turawa. Wanda ya gaje shi daga iyaye biyu, hatsarinsa na kamuwa da cutar ya ninka fiye da sau uku. Binciken da ya biyo baya a 2024 ya nuna cewa wajen tsamewar nan ne sauyin ke yin ɓarna, sai sinadarin da GBA1 ke samarwa, mai narkar da wani nau'in kitse cikin ƙwayoyin jiki, ya ragu.